Wane ne gwanin gwanaye a kurket? Bradman, Tendulkar da mutumin da aka manta

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba.

Yau za mu ɗan huta da ƙwallon ƙafa. Na san wani zai ce, "Malam, kurket kuma?" Eh, kurket. Duk wanda ya kalli fim ɗin Lagaan na Aamir Khan ai ya ga wasan: wani ya jefo ƙwallo, wani ya tare ta da katako ya maka ta, ya tara maki kafin a fitar da shi. Masu riƙe katakon nan su ne zancenmu na yau.

Abin da ya jawo hirar shi ne wani musu da aka yi a gabana lokacin ina karatu a Indiya. Ranar 15 ga Nuwamba 2023 muna ɗakin kallo na ɗalibai, Indiya tana karawa da New Zealand a Mumbai. Virat Kohli ya ci maki ɗari, karo na 50 kenan a wasan yini ɗaya, ya wuce Sachin Tendulkar mai 49. Tendulkar yana zaune a filin, Kohli ya juya ya rusuna masa. Nan take ɗaki ya rabu biyu. Samari suka ce an gama magana, Kohli ne sarki. Wani dattijo mai sayar mana da shayi ya girgiza kai ya ce yara ne ku, ba ku ga Sachin yana saurayi ba. Sai wani ɗalibi daga can baya ya ambaci Bradman, aka yi tsit na ɗan lokaci, sannan hayaniya ta dawo sabuwa. Daga ranar na shiga bin tarihin mutanen nan.

Mu fara da ma'auni. Manyan masu kurket an fi auna su a dogon wasa da ake kira Test, wanda yau ake kwana 5 ana yi. Ana ɗaukar duk makin da mutum ya ci, a raba da yawan lokutan da aka fitar da shi. Wanda ya samu 40 ɗan wasa ne mai kyau. Wanda ya kai 50 ya shiga sahun manya.

To, Don Bradman na Ostireliya 99.94 gare shi. Ku sake karantawa. Ya buga wasa 52 daga 1928 zuwa 1948, ya ci maki 6,996, an fitar da shi sau 70. A wasansa na ƙarshe a filin Oval na Landan, maki 4 kacal yake nema lissafinsa ya cika 100 cif. Ƙwallo ta biyu Eric Hollies ya fitar da shi bai ci ko ɗaya ba. Ikon Allah kenan.

Masu suka suna da hujja fa. Suna cewa Bradman a ƙasa biyu kawai ya buga Test, Ostireliya da Ingila, kuma 37 daga cikin wasanninsa da Ingila ya yi. A lokacin babu bidiyon da za a zauna a yi ta nazarin rauninka. Duk gaskiya ne. Amma amsata ita ce, sauran 'yan zamaninsa ai a filayen nan suka buga, da masu jifan nan. Wally Hammond na Ingila, wanda shi ma dodo ne, 58.45 ya tsaya. Sannan a kakar 1932 zuwa 1933 Ingila ta ƙirƙiro dabara musamman saboda Bradman: a riƙa auna jikin mutum da ƙwallo da mugun gudu, ga shi ba hular kwano a lokacin. Dabarar ta yi aiki, lissafinsa a wannan gasa ya faɗo zuwa 56.57. Kun gane? Faɗuwar tasa ma ta fi lissafin rayuwar Tendulkar, wato 53.78.

Kada masoya Sachin su yi fushi, nasa girman daban ne. Yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa Indiya a 1989, a Pakistan. A garin Sialkot ƙwallon Waqar Younis ta fasa masa hanci, jini na zuba, yaron ya ƙi fita, ya ci gaba har ya ci 57. Shekara 24 ya yi yana wasa. Test 200, maki 15,921, kuma ya ci ɗari sau 100 in aka haɗa duk wasannin ƙasa da ƙasa. Ga nauyin mutum sama da biliyan a kansa, in aka fitar da shi wasu kashe talabijin suke yi. Bradman da kansa ya taɓa cewa salon yaron yana tuna masa da nasa, har Tendulkar ya kai masa ziyara a Adelaide a 1998 lokacin da tsohon ya cika 90.

Akwai kuma Viv Richards na tawagar West Indies, wato tsibiran Karibiyan. Lissafinsa 50.23 ne, ƙasa da na su biyun. Amma ku tambayi waɗanda suka yi jifa a gabansa. Mutumin nan bai taɓa sa hular kwano ba har ya yi ritaya, sai 'yar hular ƙyalle, yana tauna cingam, yana takowa fili kamar gidansa. A 1986 ya ci ɗari da ƙwallo 56 kawai a kan Ingila. Kuma lokacin mulkin wariyar launin fata an yi masa tayin kuɗi masu yawa ya je ya buga a Afirka ta Kudu, ya ƙi. Wannan ba ya cikin lissafi, amma yana cikin abin da ake tuna shi da shi. Bayansa Brian Lara ya zo, ya ci 400 a shiga ɗaya a 2004, har yau ba wanda ya kamo shi a Test.

Yanzu ga wanda ya fi tsaya min a rai. Wa ya taɓa jin George Headley? Ɗan Jamaika ne, zamani ɗaya da Bradman. Lissafinsa 60.83, ya fi na Tendulkar, ya fi na Richards, ya fi na Lara. Tawagarsa ba ta da ƙarfi a lokacin, kusan shi kaɗai yake ɗauke da ita. Turawa suna ce masa baƙin Bradman, mutanensa kuma suka mayar da martani suna kiran Bradman farin Headley. Amma wasa 22 kawai ya samu, don ba a shirya wa tawagarsa wasanni da yawa, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya cinye masa shekarun ƙarfinsa. A ɗakin kallon nan namu, ko mutum ɗaya bai ambace shi ba.

Wannan ya tuna min da dambe. An yi 'yan dambe barjak a ƙasar Hausa, amma yaron da bai taɓa zuwa filin dambe ba ya san Shago, saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Haka abin yake a kurket. Bradman ya samu ƙasar da ta mayar da shi abin alfahari lokacin da tattalin arziki ya karye. Tendulkar ya zo daidai lokacin da talabijin ta shiga gidajen Indiya. Kohli yana da Instagram. Headley bai samu maroƙi mai irin wannan murya ba.

To, ina na tsaya? Ba zan yi muku kwana-kwana ba. In ana maganar wanda ya fi kowa, Bradman nake ba, don hanyar adalci ɗaya ce ta gwada mutanen da ba su haɗu a fili ba: a duba tazarar da kowa ya ba 'yan zamaninsa. Tazarar Bradman ba wanda ya zo kusa da ita. In ana maganar juriya da daɗewa, Tendulkar. In kuma za a ba ni tikitin kallon mutum ɗaya, wallahi Richards zan zaɓa.

Dattijon nan mai shayi bai yarda da ni ba har na baro Indiya. Ya ce shi wanda ya gani da idonsa ya sani, gani ya kori ji. Na ce Baba, ai jikokinka ma haka za su ce a kan Kohli. Ya yi dariya ya ƙara min shayi.

Ni dai roƙona, in kun shiga irin wannan musu, ko na Pele da Messi ne, ku riƙa tambaya wa aka bari a baya don ba shi da mai ba da labarinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.