Albashin Rufin Asiri a Ƙananan Hukumomin Ingila: Ina Ma'aikatan Kwangila?

Ba zan ɓata lokaci wajen bambanta mafi ƙarancin albashi da doka ta wajabta da albashin rufin asiri da mai ɗaukar ma'aikata ke biya don raɗin kansa ba, kowa ya san wannan. Hujjata ɗaya ce: ƙaramar hukumar da ta ƙara wa ma'aikatanta na ofis albashi, ta bar masu yi mata aiki ta hannun 'yan kwangila a kan mafi ƙaranci, ta yi ado ne kawai.

Mu fara da lissafi. A Afrilun 2025, doka ta sa fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. A lokacin, gidauniyar Living Wage Foundation, wadda ke auna kuɗin haya da abinci da mota, ta sa fam 12.60 a faɗin Birtaniya, fam 13.85 a Landan. Tazarar Landan fam 1.64 ce a awa. Ga mai aikin awa 37 da rabi a mako, wannan ya kai kusan fam 3,200 a shekara, a wajen Landan kuwa kusan fam 760. Tun 2001 ƙungiyoyin unguwanni na gabashin Landan suka fara wannan gwagwarmaya, kuma waɗanda suka fara yi wa magana masu shara ne a asibitoci da bankuna, waɗanda dukkansu kamfanonin kwangila ke biya. Wato tun asali kwangila ce matsalar. Ƙananan hukumomin Islington da Preston sun karɓi shaidar gidauniyar a 2012, wasu da dama suka bi sahu. Sai dai ma'aikatan ƙaramar hukuma na dindindin suna da ƙungiya da jadawalin albashi na ƙasa, ɗaga na ƙasansu bai cika cin kuɗi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, wanda ke cinye kaso mafi girma na kasafin manyan ƙananan hukumomi, kuma kusan duk an miƙa shi ga kamfanoni.

A dubi yadda aikin yake. Mai kula za ta isa gidan tsohuwa da ƙarfe bakwai na safe, ta tashe ta, ta yi mata wanka, ta ba ta magani da shayi, ta rubuta a littafi, ta ruga tashar bas domin gida na gaba. Idan kamfani yana biyan mintunan da ta yi cikin gida kaɗai, lokacin hanya ya tafi a banza, abin da ke shiga hannunta a awa ya faɗi ƙasa da abin da ke kan takarda. Bayan da aka buɗe bizar wannan aiki a 2022, 'yan Nijeriya sun kasance cikin waɗanda suka fi shiga shi. Ƙaramar hukuma ce ke yanke farashin kowace awa da take saya daga kamfanin, don haka ita ce uwargijiyar wannan matar, ko da sunanta ba ya kan takardar albashin.

Jami'ai kan fake da doka, su ce dokar ƙananan hukumomi ta 1988 ta hana sa sharuɗɗan da ba na ciniki ba a kwangila. An gaji da jin wannan. Wata doka ta 2012 ta umarce su da su duba amfanin al'umma kafin ba da manyan kwangilolin hidima, kuma a 2013 Islington da Southwark suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta Unison da ta tanadi biyan lokacin hanya da albashin rufin asiri. Kotu ba ta rushe su ba. Sikotlan ta fara biyan masu kula wannan albashi a Oktoban 2016, Wales a Afrilun 2022. Ingila ce ta tsaya jan ƙafa.

Uzurin kuɗi ya fi ƙarfi, ban musa ba. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya nuna tallafin gwamnatin tsakiya ya ragu da kashi 49 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2018, Birmingham ma ta durƙushe a Satumban 2023. Amma arhar ba ta da arha: mai kula ta gaji ta koma kanti inda biya ya fi, kamfani ya sake ɗauka ya sake horarwa, tsoho ya kwana a gadon asibiti saboda babu mai karɓarsa a gida, gwamnati ta cike giɓin albashin da tallafin haya. Aljihun dai ɗaya ne.

Game da sauran masu ɗaukar ma'aikata a gari, ƙaramar hukuma ba ta da ikon tilasta su. Brent ta gwada rangwamen harajin wurin kasuwanci har fam 5,000 ga masu biyan albashin rufin asiri a 2015, Dundee ta zama birni na farko da ya yi shirin yaɗa wannan albashi a gari baki ɗaya a 2019. Madalla. Amma kansilan da zai je ya lallashi mai gidan burodi ya ƙara albashi, ya fara buga jerin kwangilolin hukumarsa, da abin da kowane kamfani ke biya a awa, haɗe da lokacin hanya.