Sarauniyar Dutse



Yau hirar tamu ta kai mu garin Buea na ƙasar Kamaru, a gindin Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000. Duk shekara akan yi tsere a can: a tashi daga filin wasa na Molyko, a hau har ƙololuwa, a gangaro a dawo, wajen kilomita 38. Can sama ga sanyi, ga numfashi na sarƙewa, ƙasan kuma tsakuwar aman wuta ce mai yanka ƙafa.

Sarah Etonge ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata har sau 7, huɗu a jere daga 1996 zuwa 1999, na bakwai a 2005. Daga nan ta samu sunan Sarauniyar Dutse, har aka kafa mutum-mutuminta a Buea a 2006.

To, ga dalilin da na ɗauko labarinta: 'ya'yanta 7. Uwargida, ke da kike cewa haihuwa uku ta gama da ke, kin dai ji! Ban ce ki fita gudu ba. Amma tsakar gidan nan ya ishe ki zagayawa da sassarfa bayan asuba, kafin a ɗora koko.