Tukunyar Gida a Zamanin Tsadar Abinci



Maganarmu ta yau ta tukunya ce. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi, farashin abinci ya bi bayansa. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mu da ke zaune a Kano, Kaduna, Abuja da Legas, inda ko ganyen miya sai an saya, mun ji a jikinmu. Akwai gidajen da aka rage ɗora tukunya, masu su kuwa kawaici ya hana su faɗa.

Abin da muke son jawo hankali a kai shi ne, da muka shigo birni mun mayar da burodi, taliya da shinkafa abincin kullum, muka ajiye wanda muka tashi da shi. Alhali mafi yawan alkamar da ake yin burodi da taliya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kuɗinsu ke tashi. Dawa, gero, masara da wake kuwa gonakin iyayenmu ne ke ba da su.

Tuwon dawa da miyar kuka, dambun tsakin masara da zogale, fate da yakuwa, ɗanwake, kunu da ƙosai, duk abinci ne mai riƙe ciki. Masana abinci sun tabbatar cewa haɗa hatsi da wake yana ba jiki sinadarin gina jiki ko da nama ya yi wuya. Awara da ƙuli-ƙuli ma haka, ga daddawa mai ƙara wa miya armashi. Wannan ya fi shafar yara, domin yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba a shekarunsa biyu na farko yana iya tsumburewa, kuma gyaran hakan daga baya yana da wuya.

Shawarwarinmu uku ne. Na farko, a sayi hatsi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kafin ya yi tsada da bazara. Tumatir da tattasai sukan yi araha lokacin da amfanin noman rani ya fito, sai a yanka a shanya, a ajiye don damina. Haka kuɓewa.

Na biyu, a kula da ajiya. A busar da wake sosai, a zuba a jarka mai murfi ko buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam. Rashin iska zai kashe ƙwarin. Kada a barbaɗa maganin ƙwari a abin da iyali za su ci.

Na uku, a tattala makamashi. Waken da aka jiƙa tun dare ya fi saurin nuna, tukunyar da aka rufe kuma ba ta cin gawayi ko iskar gas da yawa. Ragowar tuwon dare ya zama ɗumamen safe.

Wannan aiki ba na uwargida kaɗai ba ne. Maigidan da ke raina tuwo, 'ya'yansa ma za su raina. Kuma tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muna ba da shawara gidaje biyar ko goma su haɗa kuɗi da kaka, a saya kai tsaye daga manoman garinmu, a ɗauko a mota ɗaya, a raba. Manomi ya samu ciniki, mu kuma mu samu rangwame, a kuma ware mudu kaɗan don gidajen marayu da zawarawa.

Allah ya yalwata mana, ya sa albarka a abin da muke ci.