Kujerar Ofis da Tabarmar Gida: Jawabi ga Manyan Ma'aikatanmu Maza da Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mai girma Shugaban Taro, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, Allah ya gafarta muku, shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka, iyaye mata, ƙanne da 'ya'ya da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane, ina yi muku barka da zuwa gida.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda manyan ma'aikata, maza da mata, za su haɗa riƙon muƙami da riƙon iyali. Da farko na so in noƙe, domin kujera mafi girma da na taɓa hawa ita ce ta hedimasta. Amma da na nisa, sai na tuna cewa 'ya'yan manya a hannunmu suke wuni. Abin da ya faru a gida da daddare, da safe a aji muke ganinsa.

Jawabina duka a kan magana ɗaya zai tsaya: ofis yana da muƙaddashi, gida ba shi da shi. Ranar da janar manaja ya yi tafiya, akwai mai sa hannu a madadinsa. Ranar da babbar sakatariya ta tafi hutu, ma'aikatar ba ta tsayawa. Amma har yau ban ga wanda aka naɗa muƙaddashin uba ko muƙaddashiyar uwa ya cika gurbin ba.

A wata makaranta da na shugabanta, akwai wani yaro haziƙi, ɗan wani babban ma'aikaci da ke aiki a birni. Zango uku a jere direba ne ke wakiltar uban a taron iyaye da malamai, shi ne kuma ke sa hannu a takardar sakamakon jarrabawa. Kuɗin makaranta bai taɓa yin latti ba. Amma yaron ya faɗo daga na biyu zuwa ƙarshen aji, ya soma tsallake katanga. Da na matsa uban ya zo da kansa, na tambaye shi ajin da ɗansa yake. Sai ya waiwaya ya dubi direba. Wannan waiwaye har yau bai bar zuciyata ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ku ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Bari in kawo muku misali biyu daga Amurka, na namiji da na mace.

Na farko Mohamed El-Erian, ɗan asalin Masar, wanda ya shugabanci kamfanin PIMCO mai juya dukiyar masu zuba jari, dukiyar da a lokacin ta doshi dala tiriliyan 2. A farkon 2014 ya ajiye wannan muƙami. Jaridu sun ambaci saɓani tsakaninsa da abokin shugabancinsa, amma daga baya shi da kansa ya bayyana wani dalili. Wata rana ya yi wa 'yarsa mai shekara 10 faɗa don ta ƙi wanke haƙora, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko masa takarda. A ciki ta jera muhimman abubuwa 22 na rayuwarta da bai halarta ba a wannan shekarar karatu, har da ranar komawarta makaranta da taron iyaye da malamai. Kowanne yana da uzurinsa: tafiya, taro, kiran gaggawa. Amma da uzurai suka taru wuri guda, sai suka zama shaida a kansa.

Ta biyu Indra Nooyi, haifaffiyar Indiya, wadda ta shugabanci kamfanin PepsiCo daga 2006 zuwa 2018, uwar 'ya'ya mata biyu. Ta ba da labarin daren da aka sanar da ita wani babban ƙarin girma a kamfanin. Ta iso gida wajen ƙarfe 10 na dare tana ɗokin yin albishir, amma kafin ta buɗe baki mahaifiyarta ta aike ta sayen madara, alhali mijinta ya riga ta dawowa tun ƙarfe 8. Da ta dawo tana fushi, tsohuwar ta nuna mata cewa in ta shigo gida ita mata ce, 'ya ce, uwa ce, don haka ta riƙa barin kambin sarautarta a gareji. A 2014, a wani taro a garin Aspen, Nooyi ta faɗa a fili cewa ba ta jin mace za ta iya samun komai da komai a lokaci guda.

Jama'a, nasihar tsohuwar nan gaskiya ce, amma ku lura da wanda aka aika sayen madara. Mijin yana zaune, matar da ta kwaso gajiya aka tura. Nan ne hanyar namiji da ta mace suka rabu. Idan namiji ya kai ƙarfe 11 na dare a ofis, sai a ce jarumi ne, yana nema wa iyali. Idan mace ta yi haka, sai a ce ta watsar da gida. Namiji in ya tashi daga aiki ya tashi, ita kuwa in ta ajiye jaka wani aikin ta tarar: girki, aikin gida na yara, jinyar suruka, hidimar baƙi. Ko dokokin aiki sun nuna inda aka jingina nauyin. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, amma sai a 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin gwamnatin tarayya da matarsa ta haihu.

Wani zai ce taimakon miji ga mata al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Malamanmu suna nan, sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana hidimar iyalinsa a cikin gida, alhali shi ne shugaban al'umma. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ce. Miji yana riƙe da wazirci, mata tana rubutu da karantarwa, tana tura jajis ƙauyuka su ilmantar da mata a tsarin 'Yan Taru, ga kuma tarbiyyar 'ya'ya. Gida ɗaya ya ɗauki manyan ayyuka biyu bai rushe ba, saboda an san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mene ne abin yi? Ga shawarwari biyar daga tsohon malami.

Na farko, a yanka wa gida lokaci, a tsare shi kamar yadda ake tsare taron hukumar daraktoci. Sheryl Sandberg, lokacin da take mataimakiyar shugaban Facebook, ta bayyana a 2012 cewa ƙarfe 5:30 na yamma take barin ofis don ta ci abinci da 'ya'yanta, in ya so ta koma kan kwamfuta bayan sun kwanta. A wurinmu, tsakanin magariba da isha ya isa, muddin an kife wayar hannu.

Na biyu, a tantance abin da ake wakiltawa da wanda ba a wakiltawa. Direba zai iya kai yaro makaranta, mai aiki za ta iya wanki da girki. Amma sauraron yaro, sanin abokansa, duba karatunsa na boko da na Islamiyya, da zama a gefensa ranar rashin lafiya, waɗannan ba a ba da kwangilarsu.

Na uku, kafin a karɓi sabon muƙami ko canjin wurin aiki, miji da mata su zauna su auna abin da zai ci. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Wani lokaci ɗaya zai sassauta don ɗaya ya wuce, kuma ba wajibi ba ne kullum mace ce mai sassautawa.

Na huɗu, ku maza, ku bar rawanin ofis a ƙofar gida. Matarka ba sakatariyarka ba ce, ɗanka ba masinja ba ne. Ku kuma 'ya'yana mata, kada albashi mai tsoka ya ɗauke muku ladabin zaman aure, kada kuma surutun mutane ya sa ku binne baiwar da Allah ya ba ku.

Na biyar, wanda Allah ya ɗora bisa wasu, ya tuna su ma suna da gida. Shugaban da ke kiran taro ƙarfe 8 na dare ba gidansa kaɗai yake cuta ba.

Daga ƙarshe, ku tuna kujera aro ce. A aikin gwamnati, galibi shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, sai a karɓi makulli. Mota ta koma, waya ta yi shiru, masu gaisuwa su canza hanya. Mu da muka riga ku sauka mun gani, gani kuwa ya kori ji. Ranar nan tabarmar gida kaɗai za ta rage, kuma waɗanda ka zauna da su jiya su ne za su zauna da kai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Don haka ina roƙonku, baɗi ku zo wannan taro da iyalanku, yara su ga kakanninsu, su san tushensu.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu ikon sauke amanar ofis da ta gida, ya mayar da kowa masaukinsa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni.