Ramin Mitar Ruwa da Sāke Shi a Lokacin Ginin Gida



Tun da aka buɗe ma'aikatar ruwa ta Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, famfo yake ta shiga gidajen birane. Amma har yanzu akwai wani ɗan gini a bakin ƙofa wanda mai gida ba ya tunawa da shi sai ya lalace, watau ramin da ake ajiye mitar ruwa.

Wannan rami shi ne iyaka tsakanin Hukumar Ruwa da mai gida. Galibi mita kayan hukuma ce, abin da ya wuce ta kuwa ɗawainiyar mai gida ne. A ƙasashen sanyi kamar Jamus ana zurfafa ramin don kada ruwa ya daskare ya fasa mita. A ƙasar Hausa kuwa abokan gaba su ne ruwan damina da rairayi da tayar mota.

Lokacin gini ne ramin ya fi shan wahala. Tifa takan taka murfinsa, sa'an nan cikon ƙasa yakan ɗaga filin gida, sai ramin ya koma kwari, kowane ruwan sama ya gangara cikinsa. Haɗarin ya wuce na tsatsa. Inda ake ɗauke ruwa ana kawowa, bututun da ya wofinta yakan zuƙi duk abin da ke kewaye da mahaɗinsa. Idan ramin ya cika da ruwan kwata, shi iyali za su sha ranar da famfo ya dawo. A Landan, cikin shekarar 1854, kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwa ɗaya. Likita John Snow ya danganta annobar da famfon wata rijiya, daga baya aka tarar shadda ce ke yoyo kusa da ita.

Saboda haka aikin yana da ƙa'ida. Da fari a sanar da hukuma, domin ba hurumin magini ba ne ya kwance mita. A rubuta lambar da ta nuna a gaban ma'aikacinsu, don gudun gardama a kan kuɗi. A zaɓi wuri nesa da shadda da hanyar mota, inda mai karanta mita zai isa ba tare da shiga cikin gida ba. A zuba tsakuwa a gindin ramin, a gina bango da bulo da siminti, bakinsa ya ɗara ƙasar da za a gama cikawa. A sa makulli gaba da bayan mita, da abin da ke hana ruwa komawa baya. Kafin a mayar da ita a saki ruwa ya wanke bututu, gama rairayi kaɗan ya isa ya tsai da ita.

Daga ƙarshe a rufe dukan famfuna a dubi mita. In tana juyawa, akwai yoyo, kuma gara a gano shi kafin a zuba kankare. Buhun siminti ɗaya ko biyu da ake ƙyashin kashewa a nan bai kai kuɗin jinyar yaro guda ba. Allah ya sa a amfana.