Peter Lalor: Daga Ramin Zinariya Zuwa Kujerar Kakakin Majalisa



Laccarmu ta yau a kan Peter Lalor ce, mutumin Ireland da aka haifa a 1827, ya sauka Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 1852, lokacin da labarin zinariyar yankin Victoria ya game duniya. A 1854 yana garin Ballarat, yana haƙa tare da dubban baƙi irinsa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa kowane mahaƙi kuɗin lasisi, da farko sule 30 a wata, ko ya samu ko bai samu ba. 'Yan sanda na bin ramuka suna farautar marasa takarda. Ga haraji, ga wulaƙanci, kuma ba su da ƙuri'ar zaɓen masu yi musu doka. Da aka kashe wani mahaƙi, James Scobie, hukuma ta sallami mai otal ɗin da ake zargi, sai tura ta kai bango. Mahaƙa suka ƙone otal ɗin, daga baya suka ƙone takardun lasisi. Ranar 30 ga Nuwamba Lalor ya jagorance su suka yi rantsuwar kare juna, suka kafa shingen katako a Eureka, cikin Ballarat.

Da asubahin Lahadi, 3 ga Disamba, sojoji da 'yan sanda suka far musu. Ba a yi rabin awa ba shingen ya faɗi, mahaƙa fiye da 20 suka mutu. Harsashi ya ragargaza hannun Lalor na hagu, aka yanke masa hannun a maɓoya, gwamnati ta sa ladar fam 200 a kansa. Amma cikin mutum 13 da aka tuhuma da cin amanar ƙasa, ba wanda kotu ta kama da laifi. A 1855 aka soke lasisin, aka kawo takardar fam 1 a shekara wadda ta ba mahaƙi ƙuri'a. A 1855 ɗin ne kuma Lalor ya shiga majalisar Victoria da sunan Ballarat.

To, jama'a, a nan ne tarihinsa ya fi bukatar nazari. Da shigarsa majalisa sai ya goyi bayan dokar zaɓe mai fifita masu dukiya. Mahaƙa suka juya masa baya, a 1859 ya koma mazaɓar South Grant. A 1873 kamfanin haƙar zinariya na Lothair a garin Clunes, wanda yake cikin daraktocinsa, ya yi yunƙurin shigo da ma'aikata 'yan Sin don karya yajin aiki. Ya riƙe kujerar kakakin majalisa daga 1880 zuwa 1887, ya rasu a 1889.

Wasu na cewa ya ci amana. Ni a ganina bai sauya ba. Ɗan mai filaye ne, mahaifinsa ya zauna a majalisar Birtaniya, shi kuwa injiniya ne. Abin da ya tayar masa da hankali a Ballarat shi ne hukuma ta taka mai neman na kansa. Daidaita mai gida da bara bai taɓa zama burinsa ba. Mahaƙa sun san abin da yake ƙi, ba su tambaye shi abin da yake so ba. Duk wanda zai bi jagora a ranar fushi, ya fara yi masa wannan tambayar kafin ranar rabon kujeru.