Haɗa Amfilifaya Mai Bawul: Lacca Ga Ɗalibai 'Yan Ƙasar Auyo



An nemi mu yi magana a kan wani aikin kimiyya wanda ɗalibi zai iya kamawa da hannunsa in ya koma gida hutu. Mun zaɓi amfilifaya, watau akwatin nan da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta fita ta lasifika. Irin wadda muke nufi kuwa ita ce ta da, mai aiki da bawul. Kada wani ya kai hankalinsa ga tayar keke. Bawul ɗin da muke magana 'yar kwalba ce ta gilashi, tsawonta kamar ɗan yatsa, an zuƙe iskar cikinta ƙaf an liƙe, in ta sha wuta sai ka hango cikinta ya yi ja kamar garwashi.

John Ambrose Fleming na Ingila shi ya fara ƙirƙiro ta a 1904. Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wani sashe a 1906, wanda daga baya ya ba ta ikon ƙara ƙarfin sauti. Daga nan ta mallaki duniyar rediyo kimanin shekara hamsin. Lokacin da aka kawo wa Kano rediyo mai waya a 1944, abin da ke cikin gidajen mutane lasifika ce kawai a akwati, a can tasha kuwa babbar amfilifaya ce mai bawul take turo magana ta cikin wayoyi. Yawancin waɗanda suka saurari Sashen Hausa na BBC sa'ad da ya fara a 1957, ta akwati mai bawul suka ji shi, kuma sai sun ɗan jira ya yi zafi kafin murya ta fito. An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, ya zuwa shekarun 1960 ta cika kasuwanninmu, don ba ta da nauyi, ba ta cin batir, makiyayi ma yana iya rataya akwatinsa a kafaɗa. Bawul ya koma kwandon masu gyara.

To, me zai sa mu tono abin da aka binne? Bari mu fara faɗin aibinsa, kada wani ya koma gida ya yaudari jama'a. Amfilifayar da za mu bayyana tana cin wuta fiye da wat 20 don ta ba da sauti na wat 5. Ta zamani mai ɗan allo kamar tafin hannu tana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ta ci ya zama sauti, tana kuma aiki da batirin sola. Mutanen Auyo sun san daren da kogi ya cika ya fara cin jinga, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, sun san kuma lasifikar masallaci ce take tashin gari a fito da buhunan ƙasa. Wannan aiki na amfilifayar zamani ne. Duk wanda ya ce a jingina ran jama'a a kan kwalbar da ke jiran wutar gari, bai yi musu adalci ba.

Amfanin bawul a wurinmu shi ne komai nasa a fili yake. Ta zamani in ta lalace, sai a cire allo a jefar a sa wani, mai gyaran kansa bai san abin da ya mutu ba. A mai bawul kuwa kayan ba su wuce talatin ba, kowanne ido yana ganinsa, mita tana auna shi, lissafin da aka koya mana a aji yana bayyana dalilinsa. Ƙasarmu tana cike da injinan ban-ruwa da allunan sola da janaretoci, masu fahimtar cikinsu kuwa kaɗan ne, tsofaffin masu gyaran rediyo da suka koyi aiki a zamanin bawul suna ta ƙarewa. Mu da muka fito daga garin da masana suka rubuta harshensa na asali, Auyokanci, a jerin harsunan da suka mutu, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan yadda ilimi yake ɓacewa in babu mai karɓa.

Yadda bawul yake aiki ba zai yi wa ɗan fadama wuya ba. Ku tuna ƙofofin ruwa na aikin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe a farkon 2023. Mai kula da ƙofa ba shi ya halicci ruwan ba, daga madatsun Tiga da Challawa yake gangarowa. Nasa kawai ya ɗan murɗa ƙarfe, sai ruwa mai yawa ya ƙaru ko ya ragu a magudana. Haka cikin kwalbar nan. A tsakiya akwai wani siririn bututu da ake kira katod, wanda zaren wuta yake gasa shi har ya riƙa fesar da ilektiron. A kewaye akwai faranti mai ɗauke da wuta kamar bolt 250, yana janyo su. Tsakaninsu akwai raga ta siririyar waya, ita ce ƙofar. Ɗan ƙaramin sauyi a wutar raga yana haifar da babban sauyi a abin da ke kwarara zuwa faranti. Saboda haka amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Daga wutar bango take ɗebo shi, muryar da ta shigo ita ce hannun da ke murɗa ƙofa.

Bawul biyu sun isa. Na farko ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7, bawul biyu ne a kwalba ɗaya, rabinsa ma ya wadatar. A sa masa rasisto mai om 100,000 a faranti, da mai om 1,500 a katod, sai ya ninka abin da ya shigo wajen sau hamsin ko sittin. Na biyu EL84, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1953, shi ne mai ɗaukar kaya. Da bolt 250 a farantinsa, da rasisto mai om 135 zuwa 150 a katod, yana jan miliamfiya kusan 48, yana ba da sauti wajen wat 5. Kada ku raina wat 5, da lasifika mai kyau yana cika zaure. Tsakanin bawul na farko da na biyu akwai ɗan kafasito da ke barin sauti ya wuce, ya tare babbar wuta. In ya tsufa yana yoyo, sai ka ga farantin EL84 ya yi ja, wannan kuwa alama ce a kashe nan take. Kamfanin Mullard na Ingila ya buga zane-zanen irin waɗannan amfilifayoyi a shekarun 1950 don masu haɗawa a gida, har yanzu ana samunsu a intanet.

Ana ƙera sababbin bawul a Sulobakiya da Rasha da Sin, amma tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Gara a bi shagunan tsofaffin masu gyara a Haɗeja, ko a Sabon Garin Kano, a tambayi matattun akwatunan Philips da Grundig da Pye. Mai saye ya duba saman kwalbar. Akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi, in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. In an samu akwatin sukutum a saye shi, domin mazaunin bawul mai ƙafa tara da taransifomominsa sun fi bawul ɗin wuyar samu.

A kan taransifomar fita za mu ɗan daɗe, don nan ne aikin yake, nan ne kuma masu naɗin koyil na garuruwanmu za su shigo. Bawul yana aiki da wuta mai tsawon bolt amma ƙaramar kwarara, lasifika kuwa akasin haka take so. EL84 yana bukatar ya ga nauyi na om 5,200, lasifika om 8 gare ta. Ƙa'ida ita ce a raba 5,200 da 8, a samu 650, sa'an nan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 650, watau 25 da rabi. Ke nan kowane zagaye ɗaya a ɓangaren lasifika yana bukatar zagaye 25 da ɗoriya a ɓangaren bawul. In an naɗa 100 a nan, sai a naɗa 2,550 a can da waya siririya. Yanzu ku raba 230 da 9, za ku ga amsar kusan ɗaya ce. Ashe ƙaramar taransifomar nan mai sauke bolt 230 zuwa 9, wadda ke cikin tsofaffin rikoda, tana iya tsayawa a wannan gurbi don gwaji. Za ta yi magana, sai dai ƙasan sautin zai zama siriri, kalangu zai fito, ganga ba za ta fito ba.

Dalilin haka shi ne abin da tilas ku bayyana wa mai naɗi. Ya saba saƙa ƙarafan taransifoma masu siffar E da I, ɗaya ta nan ɗaya ta can, don su kulle juna. Wannan daidai ne ga taransifomar wuta. A tamu kuwa akwai miliamfiya 48 da ke bi ta cikin koyil kullum ta fuska ɗaya, ko ana magana ko ba a yi, wannan yana cika ƙarfen da maganaɗiso har ya rasa wurin karɓar sauti, kamar fangalin da ya riga ya ƙoshi da ruwa. Maganinsa a jera dukkan E a gefe guda, dukkan I a gefe guda, a sa takarda siririya tsakaninsu. Zai yi muku gardama, don ya fi ku daɗewa a sana'ar. Ku ba shi girmansa, ku roƙe shi ya naɗa iri biyu a saurara tare.

Ɓangaren wuta ba shi da wuyar fahimta. Taransifoma ce mai ba da bolt 6.3 don gasa bawul, da wani bolt 230 wanda ba ya haɗe da na bango. Dayod huɗu masu lamba 1N4007 suna miƙar da shi, ya haura bolt 300, sa'an nan kafasito biyu masu maikurofarad 47, masu jure bolt 450, da rasisto a tsakaninsu, su tace shi su sauko da shi.

A nan muke roƙon kowa ya ajiye biro ya saurara. Wannan wuta tana kisa. Miliamfiya 'yan gomiya in suka ratsa ƙirji suna iya rikita bugun zuciya, akwatin nan kuwa yana da fiye da haka. Abin da ya fi muni, kafasito yana riƙe wuta bayan an zare filogi, mutum ya ga bawul ya huce ya zaci an gama. Saboda haka a haɗa rasisto mai om 220,000, mai wat 2, tsakanin ƙafafun kafasito don ya riƙa tsiyaye shi, kuma kada a taɓa komai sai mita ta shaida babu wuta. In ana awo wuta na kunne, hannu ɗaya yake aiki, ɗayan yana bayan mutum. A sa takalmin roba, a tsaya a kan busasshen katako. Wannan ya fi shafarmu mu 'yan fadama, domin da damina daɓen ɗakunanmu yana tsattsafo da laima, mai tsaye a kansa ba takalmi ya zama hanyar wuta. A sa fis, a haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa. Akwai wasu tsofaffin akwatuna da aka yi su ba taransifomar wuta, jikinsu yana iya ɗaukar wutar bango kai tsaye, kada a kwaikwayi zanensu ko da wasa. Kada ɗalibi ya yi wannan aiki shi kaɗai, kada kuma ya bar shi buɗe inda ƙannensa ke wasa.

Ran kunnawa ta farko a sa ƙwan fitila irin na da, mai zare, mai wat 60, a kan hanyar wutar da ke shiga. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wayoyi suka haɗu, ƙwan ya tare ɓarnar. Kada a kunna ba lasifika a jone, don taransifomar fita tana iya ƙonewa. A auna katod na EL84, in an ga bolt 7 ko kusa, aiki ya yi. In da janareta ake, a fara auna ta, domin in wutar gasawa ta zarce 6.3 da yawa, kwanan bawul ya ragu.

Kusan kowa zai ji gurnani a lasifika da farko, kuma gurnanin yana faɗin inda ya fito. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. In gurnanin mai kauri ne ƙwarai, daga wayoyin gasawa yake ko daga taransifoma, sai a murɗe wayoyin biyu kamar igiya a kwantar da su a jikin akwati nesa da raga, a kuma juya taransifomomin biyu kada su fuskanci gefe ɗaya. In ya ɗan fi haka tashi, watau sau 100, tacewa ce ba ta isa ba, a duba kafasito. Dukkan wayoyin ƙasa su taru a wuri guda. A huda murfin akwati don zafi ya fita, amma a sa masa raga, domin ƙurar hunturu in ta taru a mazaunin bawul ta sha laimar damina, wuta tana bi ta kanta. Zanzaro ma yana son ɗumin wurin.

Shugaban taro, mun zo da EL84 guda biyu, ɗaya mai rai ɗaya matacce, za mu miƙa su su zagaya don kowa ya ga bambancin tabon da muka ambata. A riƙe su da hankali.